Askin Sai Baɗi

Wayar ta sake kaɗawa a cikin jaka daidai lokacin da kwandasta yake cewa a matsa a ba wata mai ciki wuri. Ƙarama ta matsa, ta danne jakar da gwiwar hannu. Matar da ke gefenta ta kalle ta a kaikaice.

"Baiwar Allah, ki ɗauka mana. Tun daga tasha abin nan yake kuka."

"Ba kira ba ne," in ji Ƙarama.

Ba kira ba ne kuwa, kuma wayar ma ba tata ba ce. Ta mijinta ce, wanda aka binne wata biyar da suka wuce. Tsohuwa ce mai tsagaggen gilashi, an ɗaure murfin bayanta da roba. Tun jiya da yamma ba ta huta ba, don jiya ne ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ta ɗauki kofi, bayan shekara goma sha tara tana zuwa bakin ƙofa ana koro ta.

Ƙarama ta zaro wayar ta kare ta da mayafi. Saƙo ya haura dubu a zauren. Zauren nan taron 'yan kallon ƙwallo ne na cikin waya, mutum ɗari biyu da ashirin, kowa da garinsu, wasu ma da ƙasarsu, yawancinsu ba su taɓa shan hannu da juna ba. Ba a kiran kowa da sunan yanka a ciki. Akwai Alƙali, shi ne mai zauren, shi ke sakawa shi ke cirewa. Akwai Barkono, ɗan ƙungiyar adawa, wanda ba ya wayar gari sai ya tsokani wani. Mijin Ƙarama kuwa Sai Baɗi suke ce masa, saboda duk shekarar da aka fitar da ƙungiyarsa abin da yake rubutawa ke nan. Har yau ba su san ya rasu ba.

A saman komai Alƙali ya manna sanarwa. Ta bi ta da ɗan yatsa, don karatunta a hankali take yi.

"Shekara uku ke nan da Sai Baɗi ya yi alkawari a gaban zaure cewa aska ba za ta hau kansa ba sai an ɗauki kofi. To, an ɗauka. Dokarmu ta ce alkawarin zaure kwana ɗaya ake ba shi. Muna jiran bidiyon aski kafin faɗuwar rana. In babu, waje. Ba sani ba sabo."

A ƙarƙashin sanarwar Barkono ya haɗa hoto: fuskar mijinta a jikin tunkiya, wani ƙato ya danne ta da almakashi. Mutum sittin da wani abu sun bi hoton da 'yan fuskokin nan masu dariya har da hawaye. Ƙarama ta daɗe tana kallon fuskar. Hoton ranar ɗaurin auren 'yarsu ne, ta gane hular.

A gida mijinta ba mai magana ba ne. Gyaran fanka yake yi a ofisoshi, ya fita da jakar kayan aiki, ya dawo da ita, ya ci abinci, ya zauna a bakin ƙofa ya duƙufa a kan waya. Shekara ashirin da shida suna tare, in ta ba shi labari mai tsawo amsarsa ita ce "To." Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shiru ne kawai da shi kamar rijiyar da aka rufe.

Kwana huɗu bayan rasuwarsa, da masu gaisuwa suka ragu, wayar ta yi ta kaɗawa a kan tebur. Ƙarama ta ɗauko don ta kashe, yatsanta ya taɓa wani saƙon murya. Sai ga muryar mijinta ta cika ɗakin, yana dariya, irin dariyar da ke shaƙe mutum har ya yi tari. Yana yi wa Barkono waƙar da ya ƙaga da kansa, yana buga wani ƙarfe a madadin ganga. Ita ba ta taɓa jin wannan dariyar ba. Ta zauna a ƙasa ta saurari na gaba, da na gaba da shi, har cajin ya ƙare.

Da ta kunna washegari ta tarar ana cigiya. "Ina Sai Baɗi? Ko kunya ta kai shi ƙauye?" Wani ya tuna masa doka, cewa duk wanda aka buga wasa uku bai tofa ba za a cire shi. A wayar akwai sitika wajen arba'in, duk na fuskarsa, 'yan zauren ne suka yanko suka rubuta musu magana. Ta danna ɗaya, wanda ya ɗora hannu biyu a ka. Kafin ta ajiye wayar an amsa mata da dariya goma.

Haka abin ya faro. Ba ta san ƙwallo ba, ba ta taɓa kallon wasa daga farko zuwa ƙarshe ba. Akwai ranar da ƙungiyarsa ta ci uku da nema ta tura sitikar kuka, zaure ya ɗauka sabon salo ne, aka kwana biyu ana maimaitawa. Sannu a hankali ta gane kan abin. In an ci su, hannu a ka da kalmomi biyun nan nasa. In sun ci, wanda ya karkace hula. In Barkono ya matsa, wanda ya toshe kunne. Da aka dame shi da cewa ya daina saƙon murya, ta rubuta cewa makirfon ɗin wayar ya lalace, suka yi mako guda suna yi masa gorin rowa.

Abin da ta yi ba daidai ba ne, ita ma ta sani, don ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tsofaffin muryoyinsa ba za su je ko'ina ba, ta ma haddace su. Abin da take tsoron rasawa daban ne. A ko'ina mijinta marigayi ne: a bakin maƙwabta, a bakin danginsa, a takardar asibiti. A zauren nan kaɗai ake tambayar ina ya shiga, ake jin haushinsa, ake jiran amsarsa.

Ta sauka a mahaɗar da ke gaban shagonsu. Shagon ɗinkin kayan makaranta ne, keke shida a jere, teburin yanka a tsakiya. Yayarta ce ke riƙe da almakashi a teburin, ita ce ma ta samo mata aikin bayan rasuwar don kada zaman ɗaki ya cinye ta. Aikin Ƙarama sa maɓalli, biyar a kowace riga, ga tulin fararen riguna a kwando suna jiran ta.

"Kin makara," in ji Yaya ba tare da ta ɗago ba.

"Hanya ce ta cushe. Yaran ƙwallon nan."

"Mahaukata. Wani ya ci kofi a wata duniya, kai ko kofin shayi ba a ba ka ba, ka tare hanya kana busa. Zauna, mai shago ta ce riga tamanin take so kafin a tashi."

Ƙarama ta zauna ta zura zare. Jakar tana jikin ƙafarta, duk kaɗawar da wayar ta yi sai ta ji ta har cikin ƙashi. Riga ta huɗu Yaya ta ɗaga ta ga maɓallin wuya ya sauka ƙasa da raminsa.

"Wannan ɗan wa za a sa wa? Mai karkataccen wuya?" Ta jefo mata. "Warware. Hankalinki yana ina yau?"

Da aka tashi cin abincin rana Ƙarama ta ce za ta sayo zare. Ba shagon zare ta nufa ba. Shago uku gaba da nasu akwai mai aski, saurayi ne siriri, yau ya sa rigar ƙungiyar da ta ci, muryarsa ta dishe don ihu. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya gama da wanda ke kan kujera.

"Anti, lafiya? Ko gyaran fuska za a yi?"

"Gashin nan na ƙasa nake so in ɗauki hotonsa."

Ya tsaya da burushi a hannu. "Gashi?"

"Hoto kawai. Ba zan taɓa ba."

"To in aiki za a kai wa malam, ki bari in tsince nawa tukuna, ban yi aure ba." Ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba ta taya shi ba, ya ja tsintsiya ya tara mata gashin wuri ɗaya a gindin kujera. "Ga shi nan. Na safe har yanzu."

Ta ɗauki hoton. A bakin titi ta tura hoton, ta rubuta a ƙasa, harafi bayan harafi: "An yi. Alkawari ya cika." Ta bi shi da sitikar karkatacciyar hula.

Minti biyu ba a yi ba zaure ya kama da wuta.

"Jama'a a matso da hoton nan kusa," in ji Barkono. "Ga furfura, ga baƙi wuluk, ga wanda aka rina ja. Sai Baɗi, kai nawa gare ka?"

"Har da na jariri a gefe."

"Shekara uku kana tara suma, a ce ba ta cika cokali ba?"

"Fuska muke so! Ƙwaryar kan muke so mu gani tana ƙyalli!"

Sai wani mai kaifin ido ya zagaye kusurwar hoton da jan layi. Ƙarama ta duba. Ƙafarta ce ta fito, yatsu uku da bakin takalminta na roba mai fure.

"Kai! Ashe Madam ce mai ɗaukar hoto!"

"Madam, barka da rana. Don Allah ki danne mana shi, mu za mu biya mai aski."

"Madam, gaskiya tsakaninki da Allah, yaya kike kwana ɗaki ɗaya da wannan dajin?"

Barkono ya saki saƙon murya. Ta kara wayar a kunne a tsakiyar hayaniyar motoci. Muryarsa mai kauri ce, ta mutumin da ya manyanta, yana magana yana dariya. "Uwargida ranki ya daɗe. Ki gaya wa maigidanki shekara takwas ina cin naman jikinsa, yau rana ɗaya da Allah ya ba shi baki a kaina sai ya ɓuya? Ya fito ya rama mana. Wallahi tun jiya nake jiran waƙata, na kasa cin abinci."

Alƙali ya rubuta a taƙaice: "Hoto bai karɓu ba. Saura awa biyar."

Ta koma shago ba zare. Yaya ta lura, ta ci gaba da yankanta. Ƙarama ta sa wayar a ƙarƙashin rigunan da ke cinyarta ta ci gaba da aiki. Can sai wayar ta ɗauki ƙara, kira ne sosai wannan karon, da kiɗan da mijinta ya sa mata tun tana sabuwa. Ta zabura, rigunan suka zame, wayar ta faɗo ta tsaya a gindin teburin yanka tana juyi.

Yaya ta san kiɗan. Ta ajiye almakashi, ta sunkuya ta ɗauka, ta kalli robar da ke bayanta, ta kalli sunan da ke gaba.

"Wane ne Barkono?"

Sauran matan suka rage gudun kekunansu. Yaya ta kama hannun ƙanwarta ta ja ta zuwa ɗakin ajiya na baya, inda ake jingine bandiran yadi, ta tura ƙofa.

"Ba kin ce min kin kashe ta kin sa a akwati ba? Wane namiji ne yake kiran wayar mamaci?"

"Ba abin da kike zato ba ne, Yaya."

"To mene ne? Ina jin ki."

Ƙarama ta gaya mata. Ba ta iya jera maganar ba, ta fara daga aski ta koma kan sitika ta dawo kan dokar wasa uku. Yaya tana saurare tana jan allon wayar da babban yatsa, har ta iso kan tunkiyar. Ta tsaya.

"Inna lillahi. Wannan mijinki ne a jikin dabba?"

"Wasa ne. Haka suke yi wa kowa. Shi ma yana yi musu."

"Shi? Mutumin da in na gaishe shi sai na jira amsa kamar mai jiran mota?"

Ƙarama ta karɓi wayar, ta nemo waƙar nan ta farko, ta danna. Muryar ta fito a tsakanin yadudduka, da bugun ƙarfen, da dariyar da ke ƙarewa da tari. Yaya ta buɗe baki. Gefen leɓenta ya motsa kamar za ta yi dariya, sai ta dafe bandir ɗin da ke kusa da ita ta zauna a kan buhun ƙyalle.

"Wannan shi ne?"

"Shi ne."

Suka saurara har saƙon ya ƙare. Yaya ta share ido da bakin mayafi, da ƙarfi, kamar mai jin haushin idon.

"Su nawa ne a ciki?"

"Ɗari biyu da ashirin."

"Ɗari biyu da ashirin." Yaya ta jinjina kai. "Ranar da aka kai shi, sahu nawa aka yi? Ke ba ki gani ba, ni an gaya min. Uku. Na ukun ma bai cika ba. Ga mutum ɗari biyu da ashirin da ke son sa, ko wane iri ne son nasu, ba wanda ya taɓa cewa Allah ya jiƙansa, saboda ke kin tsare ƙofa. Wata biyar suna yi wa gawa dariya, da hannunki."

"A wurinsu ba gawa ba ne."

"A inda yake kwance fa? Dariya ce ke isa can ko addu'a?"

Yaya ta ci gaba.

"Ni ban ce ba ki da ciwo ba, Ƙarama. Na riga ki sanin ɗakin takaba, shekara tara ke nan. Amma abin nan da kike yi, kanki kike yi wa, ba shi ba. Kuma mutanen nan ba ki yi musu adalci ba. Wannan Barkonon, ranar da ya ji, da wane ido zai kalli abin da ya rubuta?"

"In na faɗa, shi ke nan. Ba wanda zai sake neman sa."

"Eh," in ji Yaya. Ba ta sassauta ba. "Haka mutuwa take."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ce za ta gaya wa mai shago ciwon kai ne ya kama ta. Ta fita ta ja ƙofar.

Ƙarama ta zauna a inda Yaya ta tashi. Ɗakin yana warin sabon yadi da man keke. Ta ji an kira la'asar daga nesa, ta fita ta yi alwala a famfon baya, ta yi salla a kan wani yankin kwali, ta dawo. A zaure an fara ƙidaya. Wani yana turo hoton agogo duk rabin awa. Wani ya haɗa fuskar mijinta da jikin mai gudu, an rubuta ana cigiya. Masu goyon bayan ƙungiyarsa suna roƙon Alƙali ya ƙara masa kwana ɗaya albarkacin kofi, Alƙali ya ce ko shi ne ya yi alkawarin sai ya cire kansa.

Tana iya yin shiru. In ta yi shiru za a cire shi a matsayin wanda ya gudu, su ci gaba da ambatonsa suna zaginsa, ita dai ba za ta ji ba. Ta auna wannan ta ga ba ta tsira da komai ba, shi ma bai tsira da komai ba.

Ta danna wurin ɗaukar murya. Na farko sallama kawai ta yi ta saki. Na biyu ta goge. A na uku ta rufe ido.

"Assalamu alaikum. Ni ce matar wanda kuke ce wa Sai Baɗi. Ku yi haƙuri, ba wasa nake yi ba. Allah ya yi masa rasuwa wata biyar ke nan. Tsani ne ya zame da shi a wurin aiki, kansa ya bugu, jini ya taru a ciki. Ya kwana shida a asibiti. Duk abin da kuka gani daga lambar nan tun lokacin, ni ce. Shi bai yi muku ƙarya ba, ni na yi." Ta ci gaba. "Maganar aski kuma, an riga an yi. Kafin su shiga da shi tiyata suka aske shi tas. Yana ta ɗaga hannu yana ture na ma'aikaciyar, bakinsa ba ya fita, muka ɗauka zafin ciwo ne, ni na riƙe masa hannun. Ban san alkawari ne da shi ba sai da na karanta a nan. Shekara uku ina yi masa faɗan sumar nan, bai taɓa gaya min dalili ba. Ku yafe masa, ku yafe min. Ku sa shi a addu'a."

Ta tura.

Amsa uku na farko fuskokin dariya ne, na waɗanda ba su tsaya sun saurara ba. Wani ya rubuta, "Madam ta shigo da kanta, yau akwai kallo!" Sai aka goge wannan. Aka goge dariyar ɗaya bayan ɗaya. Daga nan zauren ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba ta taɓa gani ba a wata biyar. Minti huɗu, biyar.

Sai addu'o'i suka fara sauka. Wasu sun rubuta da hannunsu, da kuskuren rubutu da komai. Da yawa sitika ɗaya suka yi ta turowa, ta hannu biyu a buɗe, har ta cika allon tana wucewa kamar jerin motoci. Wani ya ce marigayin ne ya tura masa kuɗin data lokacin da ya rasa aiki, bai taɓa gaya wa kowa ba. Wani ya ce a ƙasar da yake babu mai jin yarensa, muryar Sai Baɗi ce abokiyar cin abincinsa. Ƙarama tana karantawa a hankali, kafin ta gama ɗaya goma sun danne shi.

Barkono ya turo saƙon murya na daƙiƙa tara. Ta saurara. Numfashi ne kawai, da ƙarar wata mota a bayansa, da "Uwargida," sai ya yanke. A ƙasan saƙon wani siririn layi ya fito, cewa Barkono ya fita daga zauren.

Tana nan zaune wayar ta yi ƙara. Alƙali ne. Ta ɗauka.

"Salamu alaikum, Mama. Ni ne mai zauren nan." Muryar yaro ce, bai fi sa'ar 'yarta ba. Ta daɗe tana zaton dattijo ne. "Wallahi ban san ta inda zan fara ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Mu ne da neman gafara. Abubuwan da muka yi ta turowa, kina gani..."

"Ba komai, ɗana. Ba ku sani ba."

"Duk da haka. Mama, mun yi shawara da manyan zaure. Kowa zai yi masa addu'a a masallacinsu ranar Juma'a, duk garin da yake. Na kuma ba da umarni a goge sitikokinsa gaba ɗaya, duk wanda ya sake turo fuskarsa na cire shi. Ba za a sake wasa da shi ba, na yi miki alkawari."

Ta buɗe baki ta rufe.

"Sannan za mu sa wa zauren sunansa. Ita kuma lambar zan cire ta, don kada mu riƙa damun ki da shirmenmu. Bakinmu ba linzami, ba wurin da uwa za ta zauna ba ne."

"Ba ku dame ni ba," in ji Ƙarama.

"Mun san kawaici kike yi, Mama. Allah ya saka miki. Wata biyar kina haƙuri da mu."

"Da gaske nake. Ba ku..."

"Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. In da wani abu, ga lambata nan."

Ta ce amin. Me za ta ce? Ta roƙi yaron da ya kira ta Mama ya bar ta a cikin maza ɗari biyu tana kallon shirmensu? Ko ta ce a ci gaba da ɗora kan mijinta a jikin tunkiya? Babu bakin da zai iya faɗin wannan, ko da shi ne abin da zuciya take so.

Ta fito daga ɗakin ajiya. Yaya ta ɗago daga teburin yanka ta dube ta, Ƙarama ta gyaɗa kai. Yaya ta jawo rabin rigunan kwandon zuwa gabanta ta nemi allura.

Da aka tashi Ƙarama ta ƙi shiga mota, ta taka da ƙafa. A gaban wani shagon shayi ta tsaya ta zaro wayar. Sunan zauren ya canza. Yanzu Zauren Marigayi Sai Baɗi ne, an cire hoton kofin da ke sama an sa baƙin ƙyalle. A can ƙasa, bayan addu'a ta ƙarshe, akwai layin da ke cewa Alƙali ya cire wannan lamba. Wurin da take danna sitika ya ɓace, sai wani rubutu da ke cewa ba ta cikin masu magana a nan.

Ta tsaya tana kallon sunan, mutane suna kauce mata. Mai shayin ya ce, "Hajiya, a ba ki kujera ne?" Ta ce a'a, ta gode.

Ta ɗaga kai. Rana tana nan a saman rufin shagunan, ja, ba ta ko taɓa su ba. Da sauran kusan awa guda a wa'adin da aka ba shi.